Sujada a Ƙarƙashin Tampol

Daren jajibirin Ista na shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, iska ta yaye rufin ƙaramar majami'armu da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda. Da gari ya waye muka tarar da kwanon a gonar wani, ya nannaɗe kamar tabarma. Ina 'yar firamare a lokacin, babana yana aikin reluwe, kakata Saratu kuwa ta daɗe a kwance. Burinta ɗaya, a kai ta sujadar Ista, don ta ce jikinta ya gaya mata ba za ta ga wata ba. Ga zafin bazara. Babana ya ce ba zai zaunar da uwarsa cikin rana ba, ita kuma ta juya fuska bango ta ƙi shan kunu.

Ni aka aika ɗebo ruwa gidan maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma, direban babbar mota mai jigilar gyaɗa daga Shinkafi. Ina jan guga ina kuka, ya tambaye ni, na faɗa masa. Jim kaɗan sai ga shi da yaran motarsa sun kinkimo tampol, suka ɗaure shi a saman bangon majami'ar. "Ku kawo tsohuwa," in ji shi, "rana ba ta taɓa muna ita." Ya koma gindin tsamiya da carbinsa, yana jiran mu gama.

Har yau in na rufe ido ina ganin hasken nan kore-kore da ya sauko a kan fararen ɗankwalayen matan zumuntar majami'a, ina jin ƙamshin gyaɗa yana gauraya da waƙa, tampol yana numfashi a samanmu kamar mai barci. Kaka na jingine da kafaɗata, leɓunanta suna motsi. Ta raɗa mini, "Haka muka fara, Rahila, ko bango babu."

Sauran kwanakinta, ina ɓare mata gyaɗa tana ba ni labarin zuwansu a jirgi tana amarya, da matar da ta ara mata tukunya ranar farko, da yadda suke sujada a inuwar tarago. Kafin a yi girbi ta rasu.

Yanzu littattafan labari nake rubutawa a kan Kiristocin farko na wannan yanki. Masu karatu kan tambaye ni inda nake samo mutanena, su zaci daga manyan kundaye ne. Jirgi ya yi shiru, danginmu sun watse, hanyar Shinkafi ma sai da addu'a ake bin ta. Ni dai mutanen da suka zauna da juna a wancan lokaci nake ƙoƙarin riƙewa, kafin in manta muryoyinsu.