Baba Mai Kunne da Motar Likitar Dabbobi

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Kunne yake buɗe garejinsa, kuma kafin ya taɓa komai sai ya share ƙasa tas, don a cewarsa notin da ya faɗi cikin datti ya tafi ke nan. Sai ya jera sifanoninsa a kan benci, ya tsiyaya shayi a murfin fulas, ya jawo kujerar ƙarfe bakin titi ya zauna. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Motar da za a kawo masa kuwa, tun ba ta sha kwana ba ya san ciwonta. "Fulogi na huɗu ne," zai ce yana kurɓar shayi, kuma wallahi in aka ɗaga bonet, na huɗun ne. Daga nan sunan ya bi shi.

Gwanintarsa tana kan tsofaffin injuna masu silinda shida a jere, musamman distiribita, abin nan da ke raba wa fulogi shida wuta ɗaya bayan ɗaya. Na da yana da wasu 'yan ƙarafa biyu a ciki, kwantak, masu buɗewa da rufewa. Suna cinyewa, suna gocewa, duk bayan 'yan watanni sai an sake saita su. Wasu da na'ura suke yi. Baba sai ya karkata kai, ya lumshe ido, ya murɗa a hankali har injin ya koma numfashi daidai. Mai gidan burodin layin ya ce ya taɓa kiran shi a waya motarsa ta mutu cikin ruwan sama, Baba ya ce ya kara wayar jikin injin, ya saurara, ya kuma gaya masa wayar wutar da ta zare. Sabon distiribita na zamani marar kwantak kuwa, Baba bai da abin tsokana kamarsa. "Akwatin aljanu," yake ce masa. "Abin da ba ka iya buɗewa ka goge, ina gyara a nan?"

Kai ne, Baba, da ba ka taɓa sauya wa mutum kayan motar da ke da sauran rai a jikinsa ba. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ka yi bara.

Akwai wata likitar dabbobi, shekarunta sittin da uku, da ke da wata akori-kura wadda ta girmi babban ɗanta. Da ita take shiga gonakin da kwalta ba ta kai ba, ta yi wa shanu allura, ta karɓi haihuwar maruƙa. Shekara ashirin Baba ne ke saita mata ita. Sai ga shi bara motar ta mutu mata a hanya sau biyu, kowane karo kwana kaɗan bayan an saita ta. Na biyun sai da ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa, cikin rana, da jakar magani a kafaɗa. Ɗan ya fusata.

"Umma, in ta ƙara mutuwa sau ɗaya, masu gwangwan zan kira su ɗauke ta, ki zauna gida ki huta."

Hutun nan shi ne abin da Likita take tsoro. Babu motar, babu gonakin, babu aikin da take tashi dominsa kowace safiya. Ta zo gareji ta zayyana wa Baba, idonta ya kawo ruwa.

Baba ya san abin da babu wanda ya sani sai matarsa, wadda ta daɗe tana mitar ya cika ƙure ƙarar rediyo. Kunnen ne ya fara tafiya. Da ya ga dama, da ya ɗora wa tsufan mota laifi, ba kuma wanda zai musa masa.

"Likita," ya ce, "motarki lafiyarta ƙalau. Ni ne na lalace."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Ba na jin ta yadda nake ji da. Kira min ɗan naki, gobe mu je kanti."

Washegari su uku suka shiga kantin kayan gyara, Baba riƙe da tsohon distiribitan a naɗe cikin tsumma. Mai kanti ya ji abin da suke nema, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Baba, yau kai ne da akwatin aljanu? Bari in kira maƙwabta su shaida!"

"Rufe min baki, fito da su."

Ya fito da guda uku. Na farko mai jan kai ne, ƙato, yana ta sheƙi, da kwayil ɗinsa mai ƙara ƙarfin wuta a bisa. Ɗan Likita ya ɗauka yana jujjuyawa, ya ce ai wannan ne.

"Wannan ado ne, ɗana," in ji Baba. Ya gwada faɗin kan da taƙinsa. "Ina zai zauna? Jikin injin zai tokara, sai dai ka cire wa uwarka bonet."

Na biyu girmansa daidai ne, har mai kanti ya fara neman leda. Baba ya ce a dakata. Ya kwance tsumma, ya jera tsohon da sabon, ya ƙirga haƙoran gindinsu da farce, sannan ya haɗa wutsiyoyinsu. Ta sabon ta gaza da kamar kaurin ɗan yatsa.

"Ka ga wannan wutsiyar? Ita ke juya famfon baƙin mai. Wannan zai tayar da mota, ta yi ƙara mai daɗi, ku yi ta tafi, bayan minti goma injin ya ƙone."

Ɗan ya ajiye jan nan a hankali.

Na uku ba shi da wani kyau, kwalinsa ma duk ya yi laushi. Amma haƙora sun zo ɗaya, wutsiya ta zo ɗaya, ga kuma ɗan gwangwanin iska a gefe, mai daidaita wuta gwargwadon nauyin da injin ke ja. Baba bai tsaya nan ba. Ya tambaya ko ƙwaƙwalwar cikinsa, 'yar na'urar da ta maye gurbin kwantak, ana samunta a kowane kanti, aka ce ana samu, ya sa aka ƙaro ɗaya ta ajiya a mota. Ya zaɓi kwayil ɗin da ya dace da shi, ya ce kuma sai an ja masa cikakkiyar wuta, ban da ragaggiyar da tsohon yake sha.

Ranar ɗaurawa, mutumin da bai taɓa riƙe fitilar saita taimin, wato lokacin ba da wuta, ba ya je ya aro ta. Bai ma riƙe da kansa ba, Likita ya miƙa wa, ya nuna mata alamar da za ta duba, don ko ba ya nan ta iya. Ɗan ya murɗa makulli. Bugu ɗaya! Injin ya kama, sumul, ko gilashi bai girgiza ba. Likita ta dinga buga ƙofar motar tana dariya, ɗan ya leƙo ta taga.

"Baba, na janye maganata."

"Ka kyauta. Sauka ka ba ta motarta."

Wata goma sha ɗaya ke nan. A ƙarshen watan nan Baba zai rufe gareji ya huta. Makon jiya yana zaune a kujerarsa sai ga akori-kurar ta taho, taɓo har rufi, Likita ta ɗaga hannu ta wuce da gudu, ana jiran ta a wata gona. Baba ya miƙe zumbur, ya kamo hannun mai burodi yana jijjigawa.

"Ka gani? Ba ta tsaya ba! Wallahi ba ta tsaya ba!"

Ban taɓa ganin bakaniken da ya yi murna irin wannan don mota ta wuce shi ba.

Mun gode, Baba. Kai ne ka faɗi gazawarka da bakinka tun ba a gano ba, ka je da ƙafarka ka zaɓo abin da zai maye gurbinka, ka kuma zaɓe shi da kyau. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiya. Ku kuma masu sana'a, manya da ƙanana, ku dubi dattijon nan. Ranar da hannu ko ido ko kunne ya fara gajiya, ku faɗa, kada ku bar wani ya taka a ƙasa cikin rana saboda kunyarku.