Ƙarfen Gadona a Jikin Mashin

Bijimi ne ya karya wa mijina gwiwa a Kasuwar Shanu. Dillali ne, tun kafin ya aure ni yake shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, dabba ba ta taɓa ko shurinsa ba sai ranar. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya haɗe, amma gwiwar hagu ta sandare. Ko salla a zaune yake yi, ƙafar a miƙe a gabansa kamar taɓarya.

Daga gidanmu a Bulumkutu zuwa kasuwa tafiya ce mai nisa, kuma da mashin ɗinsa yake zuwa. To giyar mashin a ƙafar hagu take, sai ka naɗe gwiwa kake taka ta. Ya gwada, ƙafar ta ƙi. Na ce ya riƙa hawa mota mana, ya ce shi ba buhun gero ba ne da za a riƙa cusa shi ana zaro shi. Ya zauna a gida, kullum fuska a murtuke, abokan sana'a suna ta kwashe masa mutanensa.

Wata rana ya ce ya samo dabara. Zai matsar da wurin ɗora ƙafa gaba, kusa da tayar gaba, ya haɗa shi da giya da dogon ƙarfe, yadda zai tuƙa ƙafarsa a miƙe.

Lokacin kuwa gari ba lafiya. Yaran nan masu tayar da ƙayar baya kan zo bibbiyu a kan mashin, su harbe mutum a ƙofar gidansa, su ɓace. Da an yi harbi sai sojoji su zagaye unguwa, su bi gida-gida. Mai waldar layinmu da ya ga bututu a hannun Malam mijina sai ya ja da baya, don da irinsa ake haɗa bindiga.

"Malam, ka rufa min asiri," in ji shi. "Yanzu ko bututun famfo ba na taɓawa."

Shi ke nan, na ce Allah ya raba mu da fitina. Ashe ban san wanda nake aure ba. Na dawo daga barkar suna na tarar da katifata a ƙasa, shi kuma yana tsakar gida da zarto, yana yanka ƙafar gadona. Gadon ƙarfen da aka kawo ni da shi!

"Malam, lafiyarka kuwa? Gadon aurena?"

"Ƙarfen da ne, ba ya lanƙwasa," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

"A wannan zamanin kake yanka bututu a gida? So kake ka mai da ni mai takaba?"

Ya ci gaba da yankansa. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na ƙi yi masa magana, na ba shi tuwo ba man shanu. A banza. Tunda ba walda, da noti ya haɗa komai. Ya huda, ya goge, ya gwada, ya kwance, ya sake. Ƙarar zarton nan kuwa ta hana ni sakat, don na san maƙwabta ma suna ji, kuma a lokacin ba ka san wa zai faɗa wa wa ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Muka ji harbi ta wajen titi, can sai ƙarar motoci da takun takalma. Abin Malam yana kan tabarma a tsakar gida, ya kwance shi don ya gyara. Bututu ne tsawon hannu, da dogon ƙarfe a gefensa, da sifirin, da wani ɗan marfi da ake takawa. Na dube shi da idon baƙo, wallahi bindiga na gani. Na sure shi zan jefa a masai, ya riƙe min hannu.

"Ajiye. In suka zaƙulo shi a ɓoye, me zan ce musu? Shiga ɗaki, kada ki fito."

Sojoji suka banko ƙofa. Ta labule nake leƙe. Na gabansu, wani saurayi da gumi ya jiƙe masa wuya, yana ganin abin ya daka tsalle baya, ya saita Malam.

"Durƙusa!"

Malam ya ɗaga hannuwa sama. Ya yunƙura zai durƙusa, ƙafar dama ta tafi, ta hagu ta tsaya ƙiƙam. Ya tangaɗa, ya miƙe don kada ya faɗi. A idon sojan, gardama ce.

"Na ce durƙusa!"

"Ba zan iya ba," in ji Malam.

Innalillahi! Duk cikin maganar duniya wannan ya zaɓa. Na ji ƙarar ɗana bindiga. Ban san lokacin da na fito ba, ko mayafi babu.

"Ƙafarsa ce! Ba ta naɗuwa! Bijimi ne ya taka shi!"

Aka juyo da bakin bindiga kaina. Na zube a gaban Malam na yaye ƙafar wandonsa har cinya, ni da ban taɓa kama ko hannunsa a gaban mutane ba. Gwiwar ta fito, kumburarriya, karkatacciya, duk tabo. Na sa hannu biyu na danna ta da ƙarfi don su gani, ya yi ƙara, ba ta motsa ba.

Wani babba a cikinsu ya matso. Ya sa takalmi ya taɓa ƙarfen.

"Baba, wannan fa?"

"Na mashin ne. In ka yarda in nuna maka."

Ya yarda, amma ba a sauke bindiga ba. Malam ya zauna a ƙasa kusa da mashin yana ɗaurawa, noti ya faɗi ya gangara, ya sake faɗuwa. Ni ce na tsinto, ni ce na miƙa masa sifana, ina addu'a a zuci kada yau ce ranar da abin zai ƙi shiga. Ya shiga. Ya dafa kafaɗata ya hau, ya miƙe ƙafar ta sauka daidai a kan ƙarfen gadona, ya taka. Ƙas! Giya ta faɗa.

Babban ya yi 'yar dariya, ya girgiza kai, ya ce su wuce. Sai da suka fita na ga na jiƙa zanena. An tafi da wasu daga layinmu ranar, amma ba zan yi maganarsu a nan ba.

Malam ya ƙarasa gyaran mashin ɗinsa. Ya koma kasuwa, ya dawo da yamma yana warin kashin shanu, yana dariya, da tsire a leda. Rabon da in ga haƙoransa har na manta. Na ce to, na yafe gadon.

Ba a yi mako ba rediyo ta sanar an hana hawa mashin a garin gaba ɗaya, saboda yaran nan. Kowa da kowa, ba gurgu ba mai lafiya. Malam ya saurara har ƙarshe, ya kashe rediyon. Ni ce na yi kukan.

Mashin ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida har tayoyinsa suka sace. Amma kullum bayan la'asar sai ya goge shi, ya hau, ya miƙe ƙafa, inji a kashe. Ina madafa ina jin ƙas, shiru, ƙas. Ran nan haushi ya ishe ni, na leƙo na ce, "To direba, ina aka kai?"

Bai juyo ba.

"Yi shiru," ya ce. "Na kusa kasuwa."