Kalmar da Ke Cikin Takardar Basiru

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da 'Yargalma, ba a kashe wutar murhu da zarar an sauke tuwo. Bayan magariba Kaka, mahaifiyar Babanmu, takan jawo tabarmarta kusa da wutar, ta tura guntun itace ciki, mu kewaye ta ta yi mana tatsuniya. Ta iya muryar kura, ta iya ta tsohuwa marar haƙori, har 'ya'yan maƙwabta kan shigo da kwanon tuwonsu su ƙarasa ci a gabanta.

Ina aji shida na firamare a shekarar da aikin zinari ya shigo har cikin gidaje. Maza su kawo duwatsu daga rami a buhu, a niƙa, mata su tankaɗe garin a tsakar gida, a wanke a daro. A nan muke shanya, a nan yara ke rarrafe. Baba ya yi rufin kwano, ya sayi babur. Sai ƙananan yara suka fara wani ciwo da ba a san kansa ba: amai, ciwon ciki, daga nan jijjiga. Masu zuwa tatsuniya suka ragu, ba mai tambayar dalili.

Ƙanena Basiru yana da shekara uku. Yaro ne mai bin awaki da gudu, amma ya koma kwanciya a cinyar Inna, mahaifiyarmu, in ya tashi tsaye sai ya yi tangaɗi. Da likitocin agaji suka zo suna ɗibar jinin yara, Baba ya kai shi. Ya dawo da takarda, ya ninke ta ya cusa a aljihu.

"Zazzaɓi ne," in ji shi. "Zai wuce."

Bayan kwana biyu Inna ta tsinci takardar tana shirin wanke rigar. Ba ta iya tunkarar Baba da ita ba, sai ta kai wa Kaka. Da maraicen nan Baba yana masallaci, Kaka ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini.

"Kulu, ke ce mai boko. Matso ga wuta ki diba muna mi anka rubuta."

Na ga sunan Basiru, na ga shekarunsa, na ga wasu lambobi. Sai idona ya faɗa kan kalmar da na sani, mai haruffa huɗu: lead. Kwanan nan Malam Lawali, malaminmu na Turanci, ya koya mana ita. Ya ce ma'anarta jan gaba, kamar yadda liman ke jan salla ko mai unguwa ke jan jama'a. Kusa da ita an rubuta high, wato sama. Na haɗa su a raina, sai daɗi ya kama ni.

"Kaka, an ce zai ja gaba! Shugaba zai zama, babba ma."

Inna ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi, ta shafa kan Basiru. Rabon da in ga haƙoranta an yi mako biyu. Kaka kuwa ta daɗe tana kallona.

"Likita ya ɗebi jinin yaro don shi gano sarauta?"

"Haka aka rubuta," na ce. Ni ma tambayar ta sosa mini rai, amma na riga na ga murmushin Inna, ba na son in karɓe shi.

Kaka ta ninke takardar ta ƙulle. Ta gyara wuta, ta ce, "To, ga wata nan tahe, ku buɗe mata hanya." Muka ce ta iso mu ji ta.

Labarin wata mata ce mai 'ya'ya uku, gidanta a bakin gulbi. Kullum in ta wanke tukunya takan zuba wa wata kififiya ƙanzo. Ran nan kififiya ta leƙo, rabin bakinta cikin ruwa, ta ce, "Baiwar Allah, ki bar gari." Ruwa ya shaƙe maganar, matar ba ta tantance ba: garin da ake zama, ko garin da ake tuwo? Kififiya tana nan ba ta nutse ba, da ta tambaya da an faɗa mata. Amma ta tuna ɗakinta da ta yi wa sabon daɓe, ta tuna awakinta da kabarin uwarta, sai ta ce a ranta ai garin tuwo ake nufi. Ta jingine dutsen niƙa, ta koma dafa wake da rogo, tana yaba wa kanta da jin magana. Bayan kwana bakwai gulbi ya cika ya tumbatsa.

Mun san wannan tatsuniya. Kullum matar takan hau tsamiya da 'ya'yanta, awaki kaɗai ruwa ke ci, mu yi dariyar yadda take kuka tana kiran sunayensu. Amma ran nan Kaka ta tsaya daidai inda ruwa ya taɓa bakin ƙofa.

"Kaka, yaran fa?" na tambaya.

"Ban sani ba tukuna," in ji ta, idonta a kan Basiru. "Ita dai ta ji magana mai huska biyu, ta ɗauki wadda ta yi mata daɗi. Ku tashi, an kira lisha."

Na gane da ni take.

Gari na wayewa Kaka ta yafa mayafi ta kama hannuna, ita da ba ta cika fita ba saboda ciwon gwiwa. Muka tarar da Malam Lawali a ƙofar gidansa yana goge keke. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓi takardar. Ina kallon fuskarsa tana sauyawa.

"Kulu, me kika ce musu?"

Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Rubutun ɗaya ne, faɗin biyu ne. In kin ja ta kin ce liid, shi ne jan gaba. In kin datse ta kin ce led, dalma ce, irin wadda ke cikin batirin mota. Ita ce a jininsa, kuma ta yi yawa ƙwarai. Daga garin dutsen nan take fitowa." Ya juya ga Kaka. "Hajiya, yau za a kai shi Bukkuyum. Kada a kai gobe."

Ban san yadda muka iso gida ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne, dare guda cur yaron ya ƙara kwana da guba a jikinsa, uwarsa tana barci da murna, kuma ni na ba ta murnar.

Baba yana ɗaure buhu a bayan babur. Kaka ta tsaya gabansa ta ɗaga takardar.

"Kai, likitocin sun hwaɗa maka ko ba su hwaɗa ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun hwaɗa. Na ji tsoron in anka ji, a hana aikin. Mi za mu ci?"

"Mi munka ci kahin dutse? Sauke buhun ga, ka ɗauki ɗanka."

Ya sauke. Inna ta goya Basiru ta hau baya, ba ta dube ni ba, ko kuwa ni ce na kasa dubanta. Sun yi makonni a Bukkuyum ana ba shi magani. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in ruga in leƙa. Aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka zuba sabuwa, aka fitar da niƙa bayan gari. Kaka ta ci gaba da zama bakin wuta, amma tasbaha take ja, ba wanda ya nemi tatsuniya.

Basiru ya dawo da ransa. Magana ta yi masa nauyi, karatu ya gagare shi, har yau sai an maimaita masa abu sau biyu. Yana kiwon tumaki, yana da haƙuri fiye da kowa a gidanmu. Likitoci sun ce gubar ta daɗe tana taruwa, dare ɗaya ba shi ne ya yi ɓarnar ba. Na yarda da su da kaina, zuciyata ce ba ta gama yarda ba.

Yanzu ina koyar da Turanci a Gummi. Duk shekara in mun iso wannan kalma nakan cika allo da ita: jan salla, nuna wa baƙo hanya, kasancewa a gaba a tsere, hanyar da ke kai mutum kasuwa, bakin fensir, wayar da ake jona wa batir. In jero musu 'yan uwanta, guide da direct da head, in nuna inda kowace ta fi dacewa. Sai a ƙarshe in rubuta dalma, in ja layi a ƙarƙashinta. Yara suna mamakin yadda nake ɓata darasi guda a kan kalma ɗaya.

Na daɗe ina zaton Kaka jahilcina ta tona a daren nan. Sai da na girma na ga cewa ba rashin sani ta zarga ba, don ita ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa. Abin da ta gani shi ne ina shakka na haɗiye, kamar yadda ɗanta ya sani ya ninke ya sa a aljihu, kowannenmu don gudun abin da zai biyo baya. Har ta rasu ba ta taɓa tada maganar ba.

Ramukan suna nan, ana ta haƙa. Matan unguwarmu sukan kawo mini takardun asibiti a ƙulle a bakin zane, su tsaya suna karantar fuskata kafin in buɗe baki. Nakan karanta sau biyu, in kuma akwai kalmar da ban tabbatar ba, sai in ce, "Ban sani ba. Ɗauko mayafinki mu je mu tambaya."