Layi Ɗaya Da Na Ce Zan Gyara Gobe

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. 'Yar kudancin Kaduna ce ni, ina zaune da yayata a Unguwar Boro, na karanta kimiyyar kwamfuta, na kuma samu aiki a wani kamfanin roba da ke Kudenda inda ake buga bokitai da bahuna da kujeru. Ni kaɗai ce mace a ɓangaren injuna. Ma'aikata suna kirana Injiniya, wasu da girmamawa, wasu da tsokana, ni kuwa ina amsa duka biyun da ɗaga hanci. Bakina ba ya barin ta kwana. Idan mutum ya tambaye ni abin da nake yi a kan kwamfuta, nakan ce masa ko na yi bayani har gobe ba zai gane ba. Ban rubuto wannan wasiƙa don a tausaya mini ba, Edita. Na rubuto ne don abin ya daɗe yana cina, kuma na san akwai masu irin aikina da ke karanta mujallar nan.

Akwai wani tsohon inji a kamfanin, babba, mai ƙarafa biyu da ke haɗuwa da ƙarfi su matse narkakkiyar roba a cikin mazubi. Kwamfutar da ke sarrafa shi ta mutu, aka ba ni aikin rubuta sabuwar manhaja da harshen kwamfuta da ake kira C. Kowane mazubi yana zuwa da nasa fayil daga masu ƙera injin, a tsarin da ake kira XML. Ga wanda bai sani ba, rubutu ne kawai, amma kowane bayani yana zaune tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa: ga zafin da ake so, ga ƙarfin matsewa, ga daƙiƙoƙin jira. Aikin manhajata shi ne ta karanta fayil ɗin, ta ɗauki kowane bayani ta ajiye a gurbinsa cikin abin da muke kira struct, wanda za ka iya ɗauka kamar akwati mai aljihuna, kowane aljihu da abinsa. Daga aljihunan nan injin ke karɓar umarni. Ɗaya daga ciki shi ne na ƙofa. Idan akwai lamba ɗaya a ciki, injin ba zai matse ba sai ƙofar tsaro tana rufe. Idan sifili ne, ba ruwansa da ƙofa.

Akwai manhajojin karanta XML da masana suka rubuta suka gwada shekara da shekaru, kyauta ma ake samu. Na ƙi amfani da su, na ce zan rubuta tawa daga tushe, don dai a ce ni na yi. Yadda na tsara ta, da farko takan cika duk aljihunan da sifili, sannan ta bi fayil ɗin tana zuba abin da ta samu. To in fayil bai ambaci ƙofa ba fa? Sifilin nan zai zauna abinsa. Kada a ce ban sani ba. Na karanta a littafin masu injin cewa wasu fayiloli ba sa ambaton ƙofa kwata-kwata, kuma idan haka ta faru dole a ɗauka cewa tsaro yana kunne. Na gani da idona. Sai dai duk fayilolin da ke hannuna a lokacin suna da bayanin, kuma ranar ina sauri in kama keke kafin ruwa ya sauko. Sai na rubuta wa kaina 'yar tunatarwa a gefen layin, cewa zan gyara gobe. Wata bakwai tunatarwar nan tana zaune a wurin.

Mai gyaran wutar kamfanin wani dattijo ne daga Makera, kowa Baba yake ce masa. Ya fi kowa daɗewa a wurin. Shi ne ya taɓa tare ni a bakin injin ya ce mini, cikin ladabi kamar ni ce babba, asalin makunnin tsaro na ƙarfe ya lalace tun kafin in zo, yanzu ran mutane yana hannun kwamfutata, don Allah in riƙa dubawa da kyau. 'Yata yake kirana. Na ce masa ya ji da wayoyinsa, ni na san aikina. Ya yi murmushi ya ce Allah Ya ba da sa'a.

Ranar wata Talata aka kawo sabon mazubin baho da sabon fayil. Da safe Baba ya buɗe akwatin wutar injin ya canza wata waya da ɓera ya ci, kowa ya gan shi. Ni kuma na loda fayil ɗin, na ga allo bai yi ƙorafi ba, na haye ofishina a sama. Mai aiki da injin ranar wani magidanci ne daga Sabon Tasha, cocinmu ɗaya, shi ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Wajen ƙarfe biyu na rana baho ya maƙale a mazubi. Ya yi abin da yake yi kullum: ya buɗe ƙofa, ya zura hannun dama don ya ciro. Injin bai tsaya ba. Ƙarar da na ji daga sama ba irin ta mutum ba ce, har yau ina jinta. Da na sauko an kashe wuta, mutum huɗu suna ta faman buɗe ƙarafan da rodi. Abin da suka zaro daga ciki ba hannu ba ne. Jini ya wanke gaban injin, ya gauraya da narkakkiyar roba, ƙaurin ya cika ɗakin. Aka naɗe dungun da rigar wani aka fita da shi a motar kaya, yana kiran sunan matarsa.

Ban bi su asibiti ba. Sama na koma da gudu, don jikina ya riga ya ba ni. Na buɗe sabon fayil ɗin na nemi bayanin ƙofa daga sama har ƙasa. Babu. Na buɗe manhajata, sai ga tunatarwar nan tana kallona. Minti goma bai cika ba na san komai, na san wa ya yanke hannun mutumin nan.

A daidai lokacin hayaniya ta tashi a tsakar kamfanin. Na leƙa ta taga. Wani ya tuna cewa Baba ya taɓa injin da safe, magana ta bi baki, kafin ka ce me sun kewaye shi. Ya fito ne daga alwala, butarsa na hannu, hannun rigarsa a naɗe. Na ga yana ɗaga hannu yana rantsuwa cewa ya gwada wayar sau biyu. Wani ya kwaɗa masa mari har hularsa ta faɗi. Wani ya shure shi ta baya ya kife. Daga nan sai duka ta ko'ina, da takalman aiki masu ƙarfe a baki, da guntun katako, da bel. Mutanen da yake gyara wa fanka da rediyo kyauta ne suke tattaka shi. Ya yunƙura ya durƙusa, ya ɗago fuska sama, sai wani ya sauke masa sufana a ido na hagu. Na ji ihun ya fara canzawa, an daina cewa shi, an koma cewa su, wasu 'yan uwansa Musulmi kuma sun fara ɗaukar ƙarafa daga ɗaya gefen. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san inda irin wannan ke kaiwa. Shugaban ma'aikata ne ya rufe get da kwaɗo, ya kwanta a kan Baba da jikinsa yana cewa sai dai a kashe su tare. Ni kuwa ina tsaye a taga, kwamfuta a buɗe a bayana. Matakala goma sha biyu ce tsakanina da su. Da na buɗe tagar na ce ba shi ba ne, za su ji. Tsoro ya hana ni, tsoron su juyo kaina, da wani abu da ya fi tsoron muni, wato kada a ce Injiniya ba ta iya aiki ba.

Abin da na yi bayan haka shi ya fi ƙona mini rai. Na zauna na gyara layin. Na sa aljihun ƙofa ya fara da ɗaya, na sa manhajar ta ƙi tada inji idan wani bayani ya ɓace, na goge tunatarwar. Aikin bai kai minti biyar ba. Da manaja ya sa aka canza wayar da Baba ya ɗaura aka gwada injin bayan kwana biyu, ƙofa ta yi aiki lafiya lau, sai kowa ya tabbata wayar Baba ce ta yi ɓarna. Daga gadon asibiti 'yan sanda suka ɗauki Baba, ya kwana huɗu a hannunsu da karyayyun haƙarƙari kafin a sake shi. Kamfani ya sallame shi. Idon bai dawo ba. A Makera ma labari ya bazu cewa sakacinsa ya nakasa mutum, babu mai kiransa ko gyaran soket.

Na yi kusan shekara ina zuwa aiki ina dawowa kamar mutum. Na rame, yayata ta ɗauka ciwo ne, ta yi ta kai ni gwaji. Kowace Lahadi ina ganin makaɗin nan a benci na baya, hannun rigarsa a ninke da fil, wani daban yana kan gangarsa. Yakan gaishe ni da hagu, ya ce Injiniya ya aiki. Wata rana na ji yana gaya wa wani cewa ya bar tsohon nan da Allah, amma ba zai taɓa yafe masa ba. Washegari ban je aiki ba, na shiga mota zuwa Makera, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan.

Na same shi a zaure yana kwance wata tsohuwar fanka, yana karkata kai don ya gani da ido ɗaya. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da gogewar da na yi. Ya bari na gama kukana. Sannan ya ce ai ya sani ba wayarsa ba ce, shekara talatin yana wannan aiki. Ya ce lokacin da ya ɗago kai a tsakar kamfanin, ni ya hango a taga, kuma ni ce abu na ƙarshe da idon nan ya gani. Ya ce ya ɗauka zan sauko. Bai ɗaga murya ba, kuma har a lokacin 'yata yake ce mini. Na roƙe shi ya faɗi abin da zan yi masa. Ya ce ido ba zai dawo ba, aikin ma ba ya so, abu ɗaya ke hana shi barci: akwai bawan Allah a Sabon Tasha da ke kwana yana tashi da tunanin shi ya raba shi da hannunsa. In je in cire masa wannan.

Na fara da manaja, na rubuta komai na sa hannu, na ajiye aiki. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na tare makaɗin a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, matarsa na gefe, na gaya masa. Sai da na maimaita sau biyu kafin ya gane cewa sifili guda da na bari a cikin kwamfuta ne ya ci hannunsa. Fuskarsa ta canza. Ya ɗaga hannun dama da dukkan ƙarfinsa zai mare ni, na rufe ido ina jira, har ina so. Marin bai sauka ba. Da na buɗe ido, mu biyun muna kallon dungun a sama, fil ɗin ya ɓalle, rigar tana lilo. Ya sauke shi a hankali, ya tambaye ni kwatancen gidan Baba. Tun ranar bai sake yi mini magana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da na koya ba mai tsawo ba ne. Ku masu rubuta manhaja, kada ku amince da fayil don kawai na jiya ya zo cikakke. Ku tambayi kanku me zai zauna a aljihun idan bayanin bai zo ba, kuma wa ke tsaye a gaban injin a lokacin. In kun ga kuskure ku gyara a take, ko da ruwa zai dake ku a hanya. Amma ko wanda bai taɓa kunna kwamfuta ba, wasiƙar nan tasa ce. Hannun mutumin nan sakacina ne ya ci shi, wannan na iya kiransa kuskure. Idon Baba kuwa ba kuskure ba ne, ina kallo, na san gaskiya, na yi shiru. In ka taɓa samun kanka a taga ana dukan wani a kan laifinka, ka sauko. Ni na sauko bayan shekara guda, na tarar babu abin da ya rage da zan ceta sai sunan Baba.