Karta a Layin Mai

A shekarun nan na wahalar fetur, kafin shekarar dubu biyu, ina jan wata tsohuwar mota tsakanin Gusau da Tsafe. Rabin aikin zaman layi ne. Ka kai mota gidan mai ranar Litinin, ka yi sa'a idan ka fito Laraba.

A irin wannan layi na koyi karta. Motar da ke gabana ta wani dattijo ce mutumin Bunguɗu, wanda ya taɓa tuƙa wasu Turawa masu aikin hanya. Mun yi azahar, mun ci rogo da ƙuli, hira ta ƙare, kowa ya yi jugum. Sai ya ciro wata karta da duk gefenta ya yi baƙi.

Na ce, "Baba, ni ba na caca."

Ya ce, "Wa ya kira maka caca? Tashi ka tsinto muna tsakuwa."

Muka shimfiɗa kwali a inuwar wata tirela, mu huɗu har da wasu direbobi biyu, kowa da ɗan tulin tsakuwarsa. Ya ce wasan sunansa foka, wurin Turawan nan ya koya. Ya raba mana kati biyar-biyar.

"Biyu masu lamba ɗaya sun fi hannun da babu komai. Uku sun fi su. In biyar ɗin suka jeru, huɗu, biyar, shida, har takwas, sun kayar da uku."

"In kuma duk zanensu ɗaya ne fa?" in ji ɗaya daga cikin direbobin.

"Wannan ya fi jeri. Uku da biyu a hannu guda kuma sun fi shi."

Kaina ya ɗauki zafi. Rana ta dake ni tun safe, ga tunanin gida, sai in riƙe ƙa'ida ɗaya in saki ɗaya. Sau uku yana maimaita mini, bai ƙosa ba. Ya nuna mana yadda mutum zai zuba tsakuwa, na kusa da shi ya biya daidai ko ya ƙara, in kuwa ya ji tsoro ya kife katinsa ya fita.

Ranar farko ya kwashe mu kaf. Akwai zagayen da nake riƙe da tara biyu, ya yi ta ƙara tsakuwa har na tsorata na kife. Ya buɗe nasa, babu komai a ciki.

Na ce, "Baba, ai wannan yaudara ce."

Ya ce, "Ban ce maka ina da komai ba. Kai ka ba kanka tsoro."

Kwana biyu muna haka. Ba daɗin wasan nake ji sosai ba, amma yana rage tsawon yini. Ranar Laraba da hantsi na ɗaga katina na ga sarki uku da bakwai biyu. Na daure fuska, na fara turo tsakuwa. Sai aka kwarma ihu daga gaba: "Tanka ta iso!" Kowa ya watsar da abin da ke hannunsa ya ruga mota.

Da turi muka riƙa matsawa, don babu mai sauran ɗigo a tanki. Sai bayan la'asar layi ya kawo kanmu. Aka zuba wa dattijon, na turo tawa bakin famfo, mai sayarwa ya rataye tiyo ya ce ya ƙare.

Na zauna a bakin ƙofar mota ina kallon ƙafafuna. Can sai ga dattijon ya dawo da galan da guntun tiyo. Ya zuƙo daga tankinsa da baki, ya tofar, ya cika galan ɗin ya juye mini.

"Ka kai kanka gida, ka ga iyali," ya ce, ya ja motarsa ya nufi Bunguɗu.

Man ya kai ni Tsafe da fasinja shida, ya dawo da ni. Washegari na shiga wani layin a hanyar Sakkwato.