Fitilar da Barba Lovre Ya Hau da Ita Kan Dutse

Shekara talatin da takwas ke nan mutanen ƙauyenmu ba sa duba agogo da yamma. Da zarar sun ga Barba Lovre Dunatov (Barba muke ce wa dattijo a nan) ya fito da jaka a kafaɗa, tsumma na reto a aljihun baya, sun san saura sa'a guda rana ta faɗi. Yakan fara da fitilar ƙasa, wadda ke ƙarshen gadar dutsen da ake ɗaure jirage. Ya goge gishirin da iskar teku ta watsa wa gilashinta, ya kunna, ya ja da baya ya dube ta kamar tela mai duban ɗinkinsa. Daga nan ya ratsa gaban shagon kofi, ya zaga ta bayan makabarta, ya kama matakalar dutse zuwa fitilar sama. Da safe ya sake hawa ya kashe ta, ya sauko da batir ya sa a caji. Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin, domin gwiwoyinsa sun ƙi.

Mashigar tasharmu siririya ce, ga duwatsu kwance ƙarƙashin ruwa dama da hagu. Mai dawowa bayan almuru ba ruwa yake kallo ba, fitilun nan biyu yake kallo. Idan ta sama ta tsaya daidai bisa ta ƙasa, yana kan hanya. Idan suka rabu, ya kauce. Tun ana zuba musu kananzir ƙungiyar masunta ta danƙa su a hannun Barba Lovre, kuma ba a taɓa ji ya nemi wanda zai karɓe shi ba.

Vinka mai gidan burodi ta shaida mini cewa ranar da aka binne matarsa, ana tsakiyar cin abincin makoki ya miƙe ya ɗauki jakarsa. Ƙanwar marigayiyar ta ce ashe ko yau ba zai zauna ba. Ya amsa mata cewa akwai jirage huɗu a waje, matan masu su kuma ba su shirya irin wannan zama ba. Limamin cocinmu ya gan shi a shekarar da iskar arewa ta yi kwana uku tana kwashe rufin gidaje, yana rarrafe a kan gadar dutse da igiya ɗaure a ƙugu. Barba, kai ne wanda masu dawowa ba sa tunawa da shi sai sun ɗaure jirgi, galibi ma ko a lokacin ba sa tunawa. Kai ne mai aikin da ba a ganin kyansa, domin kyansa shi ne kada kome ya faru.

Da a nan na tsaya, da na yi rubutu irin wanda ake karantawa a tafa. Amma ba ni da ikon yabon mutumin nan kafin in faɗi abin da na yi masa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, fitilar sama ba a kan dutse take ba. Tana kan wani dogon ƙarfe ne a bayan gidana, taku ashirin daga hanya. A shekarar na bar shugabancin makarantar firamare, na ƙudura ɗora bene mai ɗaki biyu domin baƙin da ke zuwa hutun bazara. Da ginshiƙai suka tashi, Barba Lovre ya zo ya tsaya a ƙofata, hula a hannu. Ya san mahaifiyata tun tana budurwa, shi ya sa bai taɓa kirana da muƙami ba.

"Ɗan Perina, bangon nan in ya kai inda nake zato, zai shiga tsakanin fitilu."

Na ce masa injiniya ya auna kome. Na ƙara da cewa yanzu ko kwale-kwalen wasa da na'urar nuna hanya yake yawo, fitilarsa ta zama ta ado.

"Injiniyan naka daga teku ya auna, ko daga teburinka da gasasshen kifi a gabansa?"

Magina suka yi dariya, ni ma na yi, na rufe ƙofa.

An gama bangon wata Alhamis cikin Nuwamba, ranar da ake ɗanɗana sabuwar giyar inabi, maginan kuma suka bi jirgin yamma suka koma garinsu. Da almuru Dinko masunci yana dawowa cikin ruwan sama, na'urarsa ta jiƙe ta mutu. Ya nemi fitilu biyu, ya ga ɗaya. Jirgin da ya gada daga mahaifinsa ya hau dutse ya tsage, hannunsa na dama ya maƙale tsakanin katako da dutse, har yau ba ya damƙa da shi. Da aka fito da shi gaɓa, abin da ya fara faɗa a gaban jama'a shi ne ba a kunna fitilar sama ba. Nan take wani ya tuna ya ga Barba Lovre da kofin giya da rana, kamar kowa a ranar.

Fitilar tana ci. Ina tsaye a sabon ɗakin a lokacin, na ga haskenta kwance a jikin ɗanyen bangona. Na sauko gaɓa, na ji abin da ake faɗa, na dubi Barba Lovre, shi ma ya dube ni. Na jira ya yi magana, bai yi ba. Ni kuwa na koma gida.

Washegari Barba Lovre ya ari kwale-kwale. Ya hau dutsen da ke bayan ƙauye ya kafa sanda mai farin ƙyalle, ya sauko ya tuƙa zuwa mashiga ya duba, ya dawo ya matsar da sandar, ya sake tuƙawa. Sau biyar ya yi haka kafin ta dace da layin. Kafin rana ta faɗi fitilar tana can sama da rufina, inda ba ginin da zai tare ta. Da aka tambaye shi dalili, ya ce iskar can ta fi tsabta. Damina biyu ya yi yana jera duwatsu shi kaɗai har suka zama matakala ɗari biyu da goma sha huɗu. Su ne suka cinye gwiwoyin da ake maganarsu yau.

Daga ranar 'yan karta na shagon kofi suka laƙaba masa Barba Kwalba. In zai wuce, wani ya ɗaga murya ya tambaye shi ko yau ya ga ashana, ko sai an riƙe masa hannu. Yakan ce su ci gaba da kartarsu, ai shi ne aikin da suka iya. Dinko ya daina gaishe shi, in ya hango shi ya tsallaka hanya. Ƙungiyar masunta ta zauna don ta karɓe aikin, ba a samu mai son hawa dutsen ba, aka bar masa. A cikin wannan shekarar ce aka shirya mini bikin karramawa a makaranta, wani mai jawabi ya kira ni fitilar da ke nuna wa ƙauye hanya. Na karɓi furannin, na yi godiya.

Watan jiya, da na ji zai ajiye aiki, na je gidansa. Na tarar da shi a tsakar gida yana gyaran ƙananan kifi, ƙafafunsa a cikin daro na ruwan ɗumi. Na ce masa zan kira magina su rushe benen, a dawo da fitilar bayan gidana, taku ashirin kawai, don ya ci gaba da kunna ta. Bai ɗago kai ba.

"Shekara goma sha ɗaya jirage suna ɗaga ido zuwa dutse. Ba zan matsar da fitila don kai ka samu barci ba, ɗan Perina."

Na tambaye shi me ya hana shi tona mini asiri a ranar. Ya ce Dinko na da 'ya'ya maza uku masu zafin kai, da sun cinna wa benen wuta sun ƙare a kurkuku, kuma asarar jirgi ɗaya ta ishi gida ɗaya. Sannan ya ajiye wuƙar ya ce shi ma yana da nasa kason. Ya ga bangon yana tashi, ya san inda zai kai, maimakon ya ɗauke fitilar tun da wuri sai ya tsaya jiran in ji kunya in fasa.

"Na jira ka da hannun Dinko," in ji shi. "Wannan nawa ne. Sauran naka ne, ka san inda Dinko yake zaune."

Na je. Dinko yana ɗinkin komar kamun kifi da hannun hagu, ya danne ta da gwiwa. Na faɗa masa kome a tsaye, bai ba ni kujera ba, ban kuma nema ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: da idona na gan ta tana ci? Na ce da idona.

"Fita mini daga gida, Hedimasta."

A yammacin ranar Vinka tana rufe shago ta hangi Dinko zaune a gindin matakala. Da Barba Lovre ya iso, Dinko ya miƙe ya zare jakar daga kafaɗarsa ba tare da gaisuwa ba. Ta ji tsohon yana tambayarsa da wane hannun zai goge gilashi. Dinko ya ce da wanda ya rage, shi dai ya zauna ya rufe baki. Tsohon bai zauna ba, ya bi shi a baya a hankali, yana faɗa masa matakalar da ke motsi. Tun ranar ni ne Dinko ke tsallake wa hanya, kuma ba ni da ƙorafi.

Barba Lovre, mun gode. Ka kunna fitila ga masu zaginka kamar yadda ka kunna ga masu kawo maka kifi. Ka ɗauki sunan da ba naka ba, ka hau dutse da shi safe da yamma. Ina roƙon duk wanda ya taɓa kiranka da wancan suna ya same ka a gida kafin ƙarshen wata, ya kira ka da naka.

Aikin kuwa ba zai jira ba. Ƙungiyar masunta ta manna takarda a ƙofar shagon kofi, tana neman mutum bakwai, kowa da ranarsa. Dinko ya ɗauki Litinin. Na rubuta sunana a Talata, Barba ya karanta ya ce a ajiye kujera a tsakiyar hanya saboda Hedimasta. Saura kwana biyar babu suna, kuma ranar ɗaya ga wata rana za ta faɗi a kan lokacinta.