Yadda Ubaid Ya Rabu da 'Yar Motarsa ta Japan

Shekara talatin da ɗaya Ubaid bin Khamis ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Khor Fakkan, bai taɓa ƙwarzane kwantena ko ɗaya ba. Ko ba ka tambaye shi ba zai faɗa maka. Yana alfahari da idonsa sai ka ce shi ya yi wa kansa. A cewarsa, daga can sama yana gane leburan da bai ɗaure igiyar takalmi ba.

Da ya yi ritaya sai ya yi abin da ya ba gari dariya. Ya yi odar wata tsohuwar 'yar motar tsere daga Japan, rawaya, kujera biyu, rufin tamfol da ake naɗewa baya, sitiyari a dama. A garin da kowa ke hawa jibgegiyar jif, shi ga abin da ya zaɓa. Ga shi dogo, ga tumbi, in ya shiga kansa ya ɗara gilashin gaba. Amininsa Darwish, mai shagon kayan kamun kifi, ya raɗa mata suna Takalmi.

"Ubaid, ɗaya ƙafar fa? Ko guda suka aiko maka?"

Bai kula ba. Ya yi ta zirga-zirgar ofisoshi har ya samo mata lambar tsofaffin motoci. Daga nan kullum da sassafe zai naɗe rufi, ya bi bakin teku zuwa kasuwar kifi, ya sha shayin madara, ya dawo rawaninsa na kaɗawa. Tun rasuwar matarsa, 'yarsa Afra, malamar makaranta, ba ta ga abin da ya mayar masa da fara'a kamar motar nan ba. Har tuƙinta ya koya mata, yana faɗa tana dariya.

A shekara ta tara da sayen motar likita ya ce masa yana da hawan jinin ido. Ciwon ya riga ya cinye gefe da gefe, saura tsakiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. "Tuƙi kam, Baba, a haƙura," in ji likitan. Ubaid ya ninke takardar ya tura aljihu, bai gaya wa kowa ba. Shi mai idon nan? Ina. Amma a ransa ya san abin da ke jiransa: in bai daina ba, wata rana sai ya take ɗan wani.

A yi masa adalci, ya gwada. Ya miƙa wa Afra makulli ya ce gwiwa ke damunsa. Kwana huɗu ya daure, na biyar ya zaro na ajiya daga cikin tsohuwar butar gahawa. Daga baya ya sayar da motar ga wani dillali a Sharjah. Kwana tara, sai ga shi a tasi ya je ya sake sayen abarsa. Darwish ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa ganin wanda ya saki Takalmi ya yi kome tun kafin idda ta cika ba. Ubaid ma ya yi dariyar, amma tsoron kansa ya kama shi, don ya gane ba shi da ikon hana kansa.

Ranar wata Alhamis, daf da kasuwar kifi, ya ji ƙwas a madubin hagu. Ya taka birki. Wani ma'aikaci na tsaye a tsakiyar titi, hannunsa wayam, kifinsa ya watse a kwalta. Madubin ne ya fizge ledar kifin daga hannunsa. Da mutumin ya ƙara taku ɗaya, da wani zancen ake yi. Abin da ya fi girgiza Ubaid shi ne bai gan shi ba sam, ko inuwarsa. Ya fito ya durƙusa da farar rigarsa yana tsince kifi, mutumin ne ma yake ba shi haƙuri.

Washegari bayan Juma'a aka taru a zauren Darwish kamar kullum, ana zagayawa da gahawa da dabino. Cikin baƙi akwai Hilal, wanda ke aiki da ƙungiyar agajin masu wankin ƙoda. Yana ba da labarin gwanjon da za su yi, mutane suna kawo agogo, wani darduma, wani raƙumi. Ubaid ya girgiza ƙoƙon gahawarsa alamar ya ƙoshi, ya ajiye.

"Jama'a ku shaida. Motata na ba su, sadaka, saboda Allah."

Darwish ya tsaya da buta a hannu.

"Wace motar? Takalmi?"

"Ina da wata ne?"

"Kai dai ka yi wa kanka faɗa, tsoho. Wannan ba dillalin Sharjah ba ne. Abin da aka bayar sadaka ba a komawa a saye shi, ko a gwanjon aka gan ka sai an kore ka."

"Shi ya sa na bayar," in ji Ubaid.

Darwish ya buɗe baki zai ƙara wata tsiyar, ya dubi fuskar abokinsa, ya fasa. Ya zuba masa wata gahawar da bai nema ba.

Da safiyar Asabar Ubaid ya wanke motar da kansa, ya naɗe rufin, ya tsaya yana kallon kujerar direba. Wallahi zuciyarsa sai da ta ce masa sau ɗaya dai, na bankwana. Ya kira Afra.

"Zo ki kai ni. Gwiwar nan ce."

"To, Baba," ta ce.

Ya zauna a hagu, inda direbobin ƙasar ke zama, don haka duk wanda suka wuce ɗauka yake shi ke tuƙi. Masu shayi na ɗaga masa hannu, shi kuma yana amsawa da hannu biyu. Wani tsoho a bakin masallaci ya miƙe a firgice yana nuna masa ya riƙe sitiyari. Ubaid ya ƙyalƙyale da dariya. Shekara biyu rabon da ya kalli tekun nan sosai, kullum idonsa a kafe kan kwalta, wuyansa a sandare. Ashe har an sake wa kwale-kwalen fenti.

Suna cikin tafiya Afra ta tsaya cak.

"Lafiya? Ba danja a nan."

Ta nuna gefensa da haɓa. Ya juya kansa gaba ɗaya, sai ga wata mata tana tura keken jariri, ta shigo titi ta gefensa, kusa da har zai iya taɓa keken. Ta wuce abinta tana waya. Ya bi ta da kallo har ta hau dakalin can ƙetare.

"Afra, ban gan ta ba."

"Na sani, Baba."

"Ba gwiwa ba ce."

"Ni ke wanke maka riguna. Takardar likitan na wurina tun bara waccan." "Kullum ka fita, ina cikin aji ina koyarwa amma kunnena na kan waya."

Kunya ta kama shi, ta kuma sake shi nan take. Ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ƙirji. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya share fuska da gefen rawaninsa.

A ƙofar ofishin ƙungiyar Hilal na jira, ga Darwish ya zo da a-kori-kurarsa zai mayar da su gida, yana ta mitar an hana shi buɗe shago. Ubaid ya sa hannu a takardu, ya nuna wa Hilal yadda ake ɗaga rufin kada a yaga, ya ce a gaya wa mai saye cewa motar ba ta son a matsa mata kafin ta yi ɗumi. Afra ta miƙa makulli. Shi ma ya miƙa na cikin butar gahawa.

Har sun juya, Afra ta tsaya ta miƙa masa tafin hannu.

"Baba."

"Me kuma?"

Ba ta sauke hannun ba. Ya yi tsaki, ya tura yatsa ƙarƙashin hularsa ya zaro na uku, wanda ya yanko a Sharjah, ya ajiye mata. Darwish ya ce subhanallahi, a duba cikin safarsa ma.

"Shi ke nan, wallahi babu saura," in ji Ubaid. Ya hau gaban a-kori-kurar, ya jingina kai da kujera, kafin su kai kasuwar kifi barci ya ɗauke shi.